Ƙara wa furosesa gudu: lambobin Turai ba sa jure zafin Bauchi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin matasanmu kan wata ɗabi'a da ta shigo shagunan haɗa bidiyon biki, gidajen gem da ɗakunan ɗaliban zanen gini a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. Ɗabi'ar ita ce ƙara wa furosesar kwamfutar tebur, wato ƙwaƙwalwarta mai yin lissafi, gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, abin da masu sana'a ke kira obakulokin. Ba haramun ba ne, ba kuma sihiri ba ne. Matsalar ita ce yaro zai kalli bidiyon wani Bature a YouTube, ya kwafi lambobinsa kaf, ya zuba a tasa kwamfutar. Shi Baturen yana ɗaki mai digiri 22, wutarsa ba ta ko ƙyaftawa. Shi kuwa namu yana shago a Wunti, cikin watan Afrilu, kwano na ƙuna a samansa, janareta na tari a bakin ƙofa. Bayan kwana biyu sai shuɗin allo, alamar Windows ya faɗi, sai a ce ai kwamfutar ce jabu.

Da farko, ba kowace kwamfuta ke karɓar wannan aiki ba. Yawancin na hannu da ake kawowa daga Ikeja ko Kano, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, injinan ofis ne, an kulle musu BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, fawa fak ɗinsu mai raba wa sassa wuta kuma an auna shi daidai da bukatarsu. A ƙyale su. A ɓangaren Intel sai furosesar da lambarta ta ƙare da K, kamar i5-2500K, i5-3570K ko i7-4790K, sannan madabod ɗin, babban allon da ake ɗora furosesa a kai, ya zama na jerin Z: Z68, Z77, Z97, har zuwa Z890. Wanda ya ɗora furosesa mai K a kan H61 ko H81 ya sayi doki ne ya ɗaure shi a turke. A ɓangaren AMD kusan duk Ryzen a buɗe suke tun fitowarsu a 2017, amma bod ɗin ya zama B350, B450, B550 ko jerin X. A320 ba ya yi.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Akwai agogon tushe mai bugun megahaz 100, akwai kuma lambar ninki. Idan ninkin 34 ne, gudun ya zama gigahaz 3.4. Idan aka mai da shi 45, ya zama 4.5. Ninkin ake taɓawa, shi ne BIOS ke rubutawa CPU Ratio. Agogon tushen, wato BCLK, a bar shi a 100, musamman a tsofaffin injina, domin tun daga zubin Sandy Bridge na 2011 an ɗaure shi da hanyoyin da katin hoto da hadis ke bi. Ƙarin huɗu ko biyar kacal a kansa na iya sa hadis ya fara rubuta shirme.

Ga inda ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Gudu ba ya ƙaruwa sosai sai da ƙarin ƙarfin wutar da ke shiga furosesa, wanda BIOS ke kira Vcore. Zafin da furosesa ke fitarwa kuwa yana bin gudu sau ɗaya, amma yana bin ƙarfin wuta sau biyu, wato ana ninka ƙarin a kan kansa. Mu ɗauki i5-2500K. Idan ƙwayoyinta huɗu, wato sassan cikinta masu raba aiki, duk suna aiki, tana gudu a 3.4 da bolt kusan 1.20. A kai ta 4.5 da bolt 1.35. Gudun ya ƙaru da kashi 32 cikin 100, aikin bidiyon da ke cin awa ɗaya zai iya dawowa minti 46 ko 48. Amma zafin ya ƙaru da kusan kashi 67 cikin 100. Ƙaramar fankar da ke zuwa cikin kwalin furosesa ba ta da ƙarfin kwashe wannan. Ana bukatar dogon ƙarfen sanyaya mai bututun tagulla huɗu da fanka mai faɗin milimita 120, irin Hyper 212 ko abin da ya fi shi.

Kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ta ƙara kusan daidai da shi. Wanda ya auna digiri 75 a ɗaki mai 22, da a ce an kawo injinsa nan cikin bazara, ɗaki na 38, zai ga 91. Iyakar 2500K digiri 98 ne, na i7-4790K 100, na Ryzen 5 3600 kuwa 95. Wannan iyaka ba wurin zama ba ce, bakin rami ne. Ra'ayinmu shi ne kada gwaji mafi tsanani ya wuce 85, aikin yau da kullum kuma ya tsaya ƙasa da 75.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar injin lafiyayye ne a yadda yake. Mutane na tsallake wannan, shi ya sa suke ɗora wa obakulokin laifin ciwon da tun asali yana nan. A buɗe akwatin a hure ƙura da buluwa, a riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. A cire ƙarfen sanyaya, a goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa da sifirit, a ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure kusoshin a gicciye kaɗan-kaɗan domin ya zauna daidai. Man goge baki ba man sanyaya ba ne, ko wa ya faɗa. Kwana kaɗan zai bushe ya zama alli. Daga nan a sauke HWiNFO na duba zafi da ƙarfin wuta, CPU-Z na duba gudu, Cinebench na auna ƙwazo, OCCT ko Prime95 na matsa wa furosesa, da MemTest86 a filas domin RAM. A gwada injin da su yadda yake, a rubuta sakamakon a takarda. Takarda muka ce, ba fayil a cikin kwamfutar da za ta iya ƙin tashi ba. Duk aikin da ke da muhimmanci kuma, hotunan bikin mutane ne ko furojet ɗin makaranta, a kwafe shi waje tukuna.

Sai a shiga BIOS da maɓallin Delete ko F2. RAM a bar shi a gudunsa na asali, kada a kunna XMP, saitin da ke ƙara masa gudu, yanzu. A sa ninkin duk ƙwayoyi ya zama ɗaya. Ga 2500K a fara da 40. A cire Vcore daga Auto a rubuta da hannu, misali 1.25, saboda Auto na bod da yawa hannunsa a sake yake, yana iya zuba 1.40 ko fiye ba tare da ya tambayi kowa ba. A ajiye, a tashi, a matsa mata minti 15 ana kallon zafi. Idan ta tsaya, a ƙara ninki ɗaya. Idan ta faɗi, a ƙara bolt 0.01 ko 0.02, ba 0.1 ba. Abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye, a rubuta shi. Wanda ya canza abu uku lokaci guda, in ta faɗi ba zai san wanne ne ya kayar da ita ba.

Ana cikin hawa za a iso wani mataki inda ninki ɗaya tak ke neman ƙarin bolt 0.05 ko sama. Nan ne katangar wannan furosesar. A koma baya da mataki ɗaya a zauna. Kowace da tata katangar, ko da lambarsu ɗaya kuma rana ɗaya aka ƙera su: wata 2500K za ta yi 4.6 cikin sauƙi, 'yar'uwarta ta ƙi wuce 4.3. Ga tsarar 2500K ba ma shawartar wuce 1.35 a amfanin kullum. Ga i5-4690K da i7-4790K a tsaya wajen 1.28 zuwa 1.30, domin tun daga tsarar 3570K ta 2012 aka daina liƙa murfin waɗannan da dalma aka koma man sanyaya, shi ya sa suke saurin zafi. Ga Ryzen 3000 kuwa ko 1.30 a kafe ya yi yawa idan aikin mai nauyi ne.

Yanzu sai babbar magana, wato gane ciwo daga alamarsa. Abin da yawancin yara ke yi idan inji ya faɗi shi ne su ƙara wuta. A ƙasarmu sau da yawa wannan shi ne zuba fetur a gobara.

Idan an ajiye saiti, fankoki na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, ba abin da ya ƙone. Bod ɗin ne ya kasa tashi da lambobin da aka ba shi. A zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma, a cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a jira minti biyar a mayar. Ko a haɗa ƙafafu biyu da aka rubuta CLR_CMOS, JBAT1 ko CLRTC a gefensu da bakin sukundireba na 'yan daƙiƙu, wuta a zare. Komai zai koma yadda kamfani ya saita, har da kwanan wata, a gyara shi.

Idan Windows na tashi amma da an matsa sai shuɗin allo, a karanta abin da aka rubuta a ƙasa kafin ya ɓace, ko a ɗauke shi da waya. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, mai lamba 124, da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, mai lamba 101, galibi suna nufin wutar ba ta ishi wannan gudun ba. Amma kafin a ƙara, a duba abu biyu. Na farko zafi: furosesar da ta tsaya daram a digiri 70 tana iya tuntuɓe a 90 da wannan bolt ɗin dai, domin zafi na ƙara mata bukatar wuta. In haka ne, magani sanyi ne ko rage ninki. Na biyu, a duba a HWiNFO nawa ne ainihin wutar da ke isa lokacin da ake matsawa. Za a iya rubuta 1.30 a BIOS amma a ga 1.24 a ƙarƙashin nauyi. Wannan zubewar da gangan aka tsara ta, kariya ce daga tsallen da wuta ke yi idan nauyi ya sauka farat ɗaya. Saitin da ke rage ta shi ne Load-Line Calibration. A sa shi a matsakaici. Wanda ya kai shi ƙarshe zai ga lamba mai kyau a sikirin, amma tsallen da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, wanda manhaja ba ta iya kamawa, yana cin furosesar a ɓoye.

Idan kuwa injin ya mutu ɗif ko ya sake tashi da kansa ba tare da shuɗin allo ba, a bar zargin Vcore, a koma kan fawa fak da wutar bango. Lambar 41 ta Kernel-Power da ake gani a Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton matsaloli, ba ta faɗin dalili, cewa kawai take yi injin bai mutu ta hanyar da ta dace ba. A juya fawa fak a karanta takardar jikinsa. Ba babbar lambar da aka buga da jan rubutu ake dubawa ba, layin bolt 12 ake dubawa, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Idan an rubuta amfiya 18, to wat 216 ke nan, ko da kwalin ya ce 500. A gwada layin da mita yayin da injin ke aiki: ya kamata ya zauna tsakanin 11.4 da 12.6. Fawa fak da ba shi da nauyi a hannu, wayoyinsa sirara kamar tsinke, ba abokin wannan tafiya ba ne. A tabbatar kuma an soka filogin furosesa mai ƙafa takwas da ke saman bod gaba ɗaya, ba rabinsa ba.

Akwai wani abu da bidiyoyin waje ba za su taɓa faɗa ba domin ba su san shi ba. Fawa fak na iya riƙe inji na kusan kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa bayan wuta ta yanke, wannan ɗan lokacin ne UPS ke amfani da shi ya karɓi aiki. Gwargwadon nauyin da ke kansa, gwargwadon gajarcewar lokacin. Shi ya sa injin da a da ba ya jin ɗaukewar NEPA, bayan an ƙara masa gudu sai ya riƙa sake tashi duk sanda aka ɗauke ko aka juya zuwa janareta. UPS mai VA 650 da ya cika kasuwa bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, kuma a kansa ake ɗora sikirin, wani ma har da firinta. Ƙaramin janareta shi ma wutarsa na nitsewa duk lokacin da firji ko dutsen guga ya kama. Duk gwajin da aka yi a kan irin wannan wuta ba shaida ba ne. A yi shi a kan inbata mai tsaftatacciyar wuta, ko a bayan sitabilaiza da UPS mai ƙarfi.

Wani ciwon kuma na ban mamaki ne: injin zai yi awa shida ana matsa masa bai girgiza ba, amma an bar shi shiru, ko ana karatu a intanet, sai ya daskare. Wannan na zuwa ne bayan an mai da Vcore daga kafaffe zuwa Offset ko Adaptive, abin da ya dace a yi a ƙarshe domin wuta da zafi su sauka idan ba a aiki. Idan ragin wutar da aka sa a wannan saiti ya yi yawa, wutar da ake ba furosesa lokacin hutu ta kan faɗi ƙasa da abin da zai tashe ta. A rage ragin da 0.01 ko 0.02, ko a kashe matakan barci masu zurfi, C6 da C7. Masu Ryzen 5000 da ke wasa da Curve Optimizer, saitin rage wa kowace ƙwaya wuta, su ne suka fi haɗuwa da wannan. Sun sa ragin 30 a duk ƙwayoyi saboda wani ya ce haka ya yi, alhali ƙwayoyi biyu mafi ƙwazo ba sa jure ragi mai yawa.

RAM kuwa a ajiye shi sai furosesa ta zauna. Sannan a kunna XMP, a tashi da MemTest86 daga filas, a bar shi ya zagaya sau huɗu. Kuskure ɗaya ma faɗuwa ne. Alamun ciwon RAM daban suke: MEMORY_MANAGEMENT, PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, manhaja na rufe kanta ba sallama, fayil ɗin da aka matse ya ƙi buɗewa. DDR3 na aiki da bolt 1.5, wasu masu XMP 1.65. DDR4 na aiki da 1.2, XMP ɗinsa galibi 1.35. A nan an saba haɗa sanda biyu daga kamfanoni daban-daban, duk wadda aka samu a kasuwa. A gudun asali sukan zauna lafiya, a XMP kuwa sai rigima. In haka ta faru a sauke gudun mataki ɗaya, daga 3200 zuwa 2933 misali. Ba wanda zai ji bambancin a aiki.

Idan injin bai faɗi ba amma CPU-Z na nuna gudun na sauka daga 4.5 zuwa 3 da wani abu a tsakiyar aiki, kare kansa yake yi. Ko furosesa ta kai iyakar zafi, ko an bar iyakar wat a BIOS yadda take, ko kuma ƙananan sassan da ke kewaye da soket, waɗanda ke sauke bolt 12 zuwa ɗaya da ɗoriya, sun yi zafi. A bod mai araha ba su da ƙarfen sanyaya, dogon hitsink, wato ƙarfen sanyaya furosesa, kuma ba ya hura musu iska kamar yadda fankar kwali ke yi. Ƙaramar fanka mai milimita 80 da aka fuskantar da su takan warware matsalar.

Mafi haɗari shi ne ciwon da ba ya ihu. Prime95 zai nuna ƙwaya ɗaya ta tsaya da kuskuren lissafi alhali sauran na gudu, ko a ga gargaɗin WHEA-Logger mai lamba 19 na taruwa a Event Viewer. Injin na aiki, amma yana kuskure yana gyarawa, wani lokacin ma bai gyara ba. Haka ake samun bidiyon amarya da ya tsage a tsakiya, ko Windows da ya ruɓe sannu a hankali. Duk wanda injinsa ya sha faɗuwa lokacin gwaji, ya buɗe Command Prompt a matsayin mai gida, wato Administrator, ya rubuta sfc /scannow bayan ya gama, domin a gyara fayilolin Windows da suka lalace.

Gwajin ƙarshe a yi shi da rana tsaka, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar, murfin akwati a rufe, a inda injin zai zauna, ba da asuba a gaban fanka ba. Saitin da aka yi cikin sanyin Disamba ba a amince da shi sai ya ga Afrilu. Mafi yawan bod na ba da damar ajiye saiti fiye da ɗaya, don haka a ajiye na hunturu, a ajiye na bazara mai ƙarancin ninki ɗaya ko biyu. Ƙurar hunturu kuma na toshe haƙoran hitsink cikin makonni, a riƙa hurewa duk wata. Idan injin da ya shekara lafiya ya fara faɗuwa, a bi wannan jerin: ƙura, bushewar mai, batirin bod, fawa fak. Sai duk sun fita daga zargi sannan a ce furosesar ce ta gaji. Tana gajiya kuwa, domin yawan wuta da zafi na zaizaye siraran hanyoyin da ke cikinta, har ta koma neman ƙarin wuta kafin ta yi gudun da take yi da. Duniya ta ga haka a 2024, lokacin da Intel ta amince cewa yawan wuta ne ke sa wasu furosesoshinta na tsara ta 13 da ta 14 faɗuwa, ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ta kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Wadda ta riga ta zaizaye, gyaran ba ya dawo da ita. Mai irin wannan inji ya sabunta BIOS ɗinsa, amma a kan UPS, kada wuta ta yanke a tsakiya garin gyaran gira a rasa ido.

Sababbin furosesoshi ma dai ba su bar wani sarari ba, da kansu suke hawa har inda zafi ya tsayar da su. A garemu nan, rage musu wuta kaɗan ya fi ƙara musu ninki riba: sukan yi sanyi, su daɗe a saman gudunsu, batirin inbata ma ya huta. Shi kuma mai tsohon inji da ke kukan nauyi wajen tashi da buɗe CorelDRAW, ya fara duba ko har yanzu hadis mai juyawa ne a ciki. In shi ne, ya sa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi shi sauri, ya kai RAM gigabait 16, ya yi mako guda yana aiki da shi kafin ya shiga BIOS.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu haɗa kwamfuta da gyaranta,
Bauchi.